Motar Gudu A Konni: Sha'awa Mai Cin Aljihu

A Birnin Konni mun lura cewa mai motar gudu ba ya rabuwa da gareji. Motar gajera ce, da zarar ta bar kwaltar Yamai zuwa Maraɗi ta shiga hanyar ƙauye sai cikinta ya riƙa dukan ƙasa, ƙurar hunturu kuma ta toshe filta. Man ruwa-ruwa daga Illelar Nijeriya, wanda a da ke rufa asiri, ya yi tsada tun cire tallafi a 2023.

Shi ya sa tsofaffin makanikai har gobe suke yabon Peugeot 504, wadda ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975: ga gudu, ga juriya. Sai dai kayan gyaranta na ƙaranci, gwanayenta kuma suna tsufa.