Gidan Gwamna na Kalkata: Fadar da 'Yan Kasuwa Suka Biya Ba da Sonsu Ba

Mai karatu, a shirinmu na wannan mako mun leƙa birnin Kalkata na ƙasar Indiya, inda wani tsohon gida yake, wanda aka fi sani da Raj Bhavan, wato gidan sarauta.

Ka san a farko ba gwamnatin Ingila ce ke mulkin Indiya kai tsaye ba, kamfanin 'yan kasuwa ne, Kamfanin Gabashin Indiya. Da Wellesley ya iso a 1798 a matsayin babban gwamna, sai ya tarar magabatansa a gidan haya suke zaune. Abin bai yi masa daɗi ba. A ganinsa, mutanen da suka saba da fadojin sarakunan Mughal ba za su ji tsoron mai zaman haya ba. Nan da nan ya sa aka fara gini a 1799, aka gama a 1803.

To, kuɗin wa aka kashe? Na kamfani. Su kuwa shugabannin kamfanin suna can Landan, riba suke jira, sai ga takardun kuɗin fada. Ransu ya ɓaci matuƙa, kuma wannan facaka na cikin dalilan da suka sa aka kira shi gida a 1805. Shekara biyu kacal ya mori gidan.

Wanda ya zana ginin wani injiniyan soja ne, Charles Wyatt. Ya kwaikwayi Kedleston, gidan wasu masu sarauta a Ingila: babban gini a tsakiya, sassa huɗu a kusurwoyi, da baranda masu lanƙwasa da suka haɗa su. Ashe wannan fasali ya fi dacewa da zafin Bengal, don ta ko'ina iska ta taso sai ta shiga.

Ga inda labarin ya yi daɗi. A 1899 aka kawo sabon wakilin Sarauniya, Curzon, kuma Kedleston gidan ubansa ne. Wato mutum ya ƙetare teku ya tarar da kwafin gidan da ya tashi a ciki. Daga nan ne ya raba lardin Bengal gida biyu a 1905, gabas mai rinjayen Musulmi, yamma mai rinjayen Hindu. Ya ce don sauƙin mulki ne, jama'a da yawa suka ce a'a, raba kansu ake so a yi. Aka shiga ƙaurace wa kayan Ingila, ana ƙona yadinsu a titi. A 1911 Sarki George na Biyar ya zo Delhi da kansa, ya soke rabon, ya kuma sanar cewa babban birni ya tashi daga Kalkata ya koma Delhi.

Daga nan gidan ya zama na gwamnan Bengal kawai. Da aka samu 'yanci a 1947, Rajagopalachari ya shige shi a matsayin gwamnan jihar Bengal ta Yamma na farko, kuma har yau gwamnan jihar ne ke zaune a ciki.