Kada ki jira ɗanki ya zama kamar na hoton

Duk wanda ya shiga asibitin sha-ka-tafi a ƙauyukan Dambatta, Makoɗa ko Kunci, hotunan bango yake fara gani kafin ya ga ma'aikacin lafiya. Tun da mashaƙo ya ɓarke a ƙarshen 2022, Jihar Kano kuwa ita ta fi ji a jikinta, hoton da aka fi nuna cutar da shi shi ne na yaro da kumburarren wuya, baki a buɗe, wata fata toka-toka ta lulluɓe maƙogwaro.

Hoton yana da amfani, musamman ga wanda rubutun boko bai zauna masa ba. Sai dai mai zane yakan zaɓi ciwo ne bayan ya yi nisa, ya ƙara wa wurin girma domin a hango daga bakin ƙofa. Wata uwar tana gani sai gabanta ya faɗi, ta ɗauka ta faru ta ƙare, ko tambaya ta kasa yi. Wata kuma, ita ce ma ta fi ba ni tsoro, sai ta dubi hoton ta dubi ɗanta ta ce, "Ai nawa bai kai haka ba," ta saɓa shi a baya ta koma gida.

Mashaƙo ba da kumburi yake farawa ba. Ciwon maƙogwaro ne da ɗan zazzaɓi, yaro ya ƙi abinci. Fatar nan sai bayan kwana 2 zuwa 3 take bayyana. Allurar da ke karya dafin cutar kuwa, dafin da ke yawo a jini kawai take kamawa. Wanda ya riga ya kama zuciya da jijiyoyi ya fi ƙarfinta. Kumburin ma yana iya zama hangum, kuma ma'aikacin lafiya ne zai bambance. Kada a ce beli ne a kira wanzami, domin fatar idan aka kankare ta jini take yi.

Idan malamar asibiti ta nuna miki hoto, ki tambaye ta: "Malama, wannan farkon ciwon ne ko ƙarshensa? Me zan fara gani a gida?" Ba rashin kunya ba ne, aikinta ke nan.

Magidanta, ku duba katin rigakafin yaranku. Allurar Penta, wadda ke kare yara daga mashaƙo, sau uku ake yi, a mako na 6, na 10 da na 14 da haihuwa. Wanda bai cika ba, a kai shi a cika masa.