Barkono a Kasko: Yadda Ake Mayar da Shi Wadan Itace

Manoman ƙasar Zazzau sun saba tuge barkono da zarar an gama tsinka, shi ya sa mutane da dama suka ɗauka shekara ɗaya ce iyakar ransa. Alhali kuwa a ƙasashensa na asali, wato Meziko da Amurka ta Kudu, yakan yi shekaru, gindinsa ya yi kauri kamar itace. Sanyin ƙanƙara ne ke kashe shi a Turai, Zariya kuwa ba ta da wannan matsala.

Wannan hali ne ya sa barkonon ado ya dace da bonsai, dabarar raino itace a kasko ya zama wada, wadda Japanawa suka koya daga Sin. A unguwannin cikin birni irin su Ƙofar Jatau, inda tsakar gida ba ta da yalwa, kasko guda a gindin katanga ya wadatar.

Asirin aikin yana cikin datsa. A 1933 Thimann da Skoog suka nuna cewa kan tsiro na fitar da sinadarin oksin, wanda ke hana tohon gefe fitowa. Idan an datse kan, sai rassa su ɓarke. Saboda haka akan bar barkono ya ƙosa a damina, sannan a sare shi a bar kamar santimita 15, a rage saiwarsa, a dasa a kasko mai huda, cikin rairayi da ruɓaɓɓen taki. Siffar da wasu itatuwa kan yi shekaru kafin su kai, shi yakan soma nuna ta cikin shekara guda.

Lokacin hunturu ƙasar kasko na saurin bushewa, don haka a duba ta safe da yamma. A kuma lura da darɓa, domin tana yaɗa cututtukan ganye.

Sai dai akwai abin kiyayewa. Wani tsiron ado mai suna Solanum pseudocapsicum yana yin jajayen 'ya'ya masu kama da barkono, amma guba gare su. Gidan da ke da yara, gara a shuka iri daga barkonon da aka sani. Wanda ya yi haka, ya sami abin kallo da abin yaji a kasko ɗaya.