Kasuwancin Makamashi da Muhalli: Fannin Karatun da Ya Kamata Ɗalibanmu Su Waiwaya

A duk lokacin da aka buɗe rajistar JAMB, hirar da ake yi a gidajenmu ba ta wuce likitanci da lauya da injiniya. Ɗan da ya ce zai karanta harkokin kasuwanci ko lissafin kuɗi, sau da yawa kallon wanda ya rasa zaɓi ake yi masa. Alhali kuwa ɗaya daga cikin manyan matsalolin da suka addabi magidanta a yau, wato tsadar wuta da man fetur, tana buƙatar masanin ciniki kamar yadda take buƙatar injiniya. Shi ya sa jami'o'i da dama a duniya suke da digirin farko na kasuwanci wanda ya karkata ga makamashi da muhalli da ɗorewar arziki. Muna ganin lokaci ya yi da iyaye da ɗalibai za su san abin da wannan fanni ya ƙunsa.

Mu fara da halin da muke ciki. Wutar da ake rabawa ta babban layin Najeriya yawanci tana tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Janareta ne ya daɗe yana cike giɓin. Da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta haura 1,000. A ɗaya gefen, farashin faifan sola a kasuwar duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, ga rana kuma Allah Ya hore wa Arewa. To, me ya hana tela da mai niƙa da mai sayar da ƙanƙara komawa ga sola?

Amsar tana cikin yadda ake biyan kuɗin. Mu ƙaddara tela yana ƙona lita 4 a rana, kowace lita naira 900. A wata mai kwanakin aiki 26 zai kashe naira 93,600, a shekara kuma sama da miliyan 1.1. Mu ƙaddara kuma kayan solar da za su ɗauki shagonsa sun kai naira miliyan 2.5. Cikin shekara biyu da 'yan watanni kuɗin man da bai saya ba zai biya kayan, faifan kuma yakan yi shekara 20 ko fiye yana aiki, ko da yake batir kan buƙaci canji tun kafin nan. Lissafin a fili yake. Matsalar ita ce mai ana sayensa kullum kaɗan-kaɗan, sola kuwa a dunƙule ake biya, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Injiniya zai haɗa kayan, amma wanda zai tsara yadda telan zai mallake su ba tare da bashi ya karya shi ba, wannan aikin ɗan kasuwa ne mai ilimi.

Irin wannan lissafi ne ginshiƙin karatun. Ɗalibi yakan fara da darussan da kowane mai karatun kasuwanci yake yi: tattalin arziki, lissafin kuɗi, ƙididdiga, tallata haja da dokokin ciniki. Daga nan sai ya shiga abin da ya keɓanci makamashi: yadda ake ƙayyade farashin wuta, yadda ake auna tsawon lokacin da jari zai dawo, da dokokin da suka shafi harkar. Misali, dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa kasuwar wutarsu da hukumar da za ta kula da ita, dokar sauyin yanayi ta 2021 kuma ta zo a shekarar da Najeriya ta yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060. Kowace daga cikinsu tana buƙatar ma'aikatan da suka iya karanta yarjejeniya da takardun kuɗi.

Sashe na biyu shi ne muhalli, kuma a nan ake koyon ƙirga asarar da ba ta shiga littafin mai kamfani. Masana'antar da ta zubar da gurɓataccen ruwa a rafi ta rage wa kanta kuɗin tacewa, amma manomin da ke ban-ruwa a ƙasanta shi ne zai biya da amfanin gonarsa da lafiyar iyalinsa. Ita ma sola ba ta tsira ba. Batiran da aka fi saya saboda araha suna ɗauke da darma, mun kuma ga abin da gubar darma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu sakamakon sarrafa duwatsun zinare a cikin gidaje. Wanda zai sayar da batir dubu ya kamata ya san inda za su ƙare idan sun mutu. Malaman fiƙihu sun daɗe da kafa ƙa'idar gusar da cuta daga mutane. Wannan karatu yana koya wa ɗalibi yadda zai auna cutar da alƙaluma, ya sa ta cikin farashi tun kafin ta auku.

Inda fannin ya fi shafar gidan Musulmi shi ne hanyar samun jari. Magidanta da yawa sun gwammace su ci gaba da sayen mai a kan su karɓi bashi mai kuɗin ruwa, kuma suna da hujjarsu. Sai dai shari'a ta tanadi mafita. A murabaha, banki ko kamfani yakan sayi kayan ya mallake su, sannan ya sayar wa telan da sananniyar riba, ya riƙa biya wata-wata, ba tare da an ƙara farashin don ya yi jinkiri ba. A ijara kuwa, haya ake ba shi, babban gyara yana wuyan mai kayan, a ƙarshe kuma ana iya mallaka masa. Tsarin biya kaɗan-kaɗan da kamfanonin sola suke kawowa ƙauyuka yana buƙatar irin wannan tantancewa: wa ke da kayan idan sun lalace a wata na shida? Ina tarar jinkiri take tafiya? Mai sanin fiƙihu kaɗai ba lallai ya gane sharuɗɗan takardar ba, mai sanin boko kaɗai kuma ba lallai ya ga inda garari ya ɓuya ba.

Manyan ayyuka ma suna da tasu hanyar. A 2017 wani kamfanin Malesiya mai suna Tadau Energy ya fitar da sukuk na farko a duniya da aka keɓe don ayyukan kare muhalli, ya gina tashar sola mai megawat 50 a jihar Sabah. A 2018 gwamnatin Indonesiya ta fitar da nata na dala biliyan 1.25. Najeriya ta riga ta san sukuk: jihar Osun ta yi amfani da shi a 2013 wajen gina makarantu, gwamnatin tarayya kuma ta tara naira biliyan 100 da shi a 2017 don gina hanyoyi. Abin da ya gina titi zai iya haskaka kasuwa ko asibiti, idan an sami waɗanda suka iya tsara shi. Haka nan wakafi: kamar yadda Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar ta ga jama'a, mai hali zai iya wakafin rijiyar burtsatse mai aiki da sola, muddin an tanadi kuɗin gyaranta na shekaru masu zuwa.

Ɗalibin da ke Najeriya ba sai ya jira an buɗe sashe mai wannan suna ba. Zai iya shiga ta karatun kasuwanci, lissafin kuɗi, tattalin arziki ko aikin banki, ya zaɓi darussan makamashi da muhalli, ya nemi horon aiki a kamfanin sola ko na rarraba wuta, ya kuma gina binciken kammala digirinsa a kan matsala ta zahiri. Sabuwar manhajar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na darussa ta tsara da kanta, don haka ƙofar a buɗe take. A Jami'ar Bayero ta Kano, alal misali, akwai cibiyar nazarin banki da harkokin kuɗi na Musulunci, a harabarta kuma aka ƙaddamar da tashar wuta mai megawat 7.1 da ta haɗa sola da batir da injin dizal a 2019. Ɗalibin da ya binciki kuɗin tafiyar da irin wannan tasha ya sami darasin da allo ba zai ba shi ba.

Shawararmu ga iyaye ita ce su tambayi jerin darussan kafin su biya kuɗin makaranta, domin suna mai daɗi ba ya maye gurbin lissafi. Ga ɗalibai kuma, su riƙe lissafi da kyau, su zauna gaban malami su karanta babin ciniki a littattafan fiƙihu. Kasuwar sola ta cika da algus, daga faifan da ba ya ba da ƙarfin da aka rubuta a jikinsa zuwa tsohon batir da aka yi wa fenti. Mai takarda a wannan fanni zai riƙe dukiyar mutanen da ba za su iya tantance abin da ya sayar musu ba, kuma za a tambaye shi a kan wannan amana. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani da sana'a ta halal.