Kurumtar Tsufa da Aikin Masu Bincikenta a Jami'a

A Maiduguri, kamar sauran garuruwan ƙasar nan, idan dattijo ya fara cewa "na'am?" sau biyu sau uku kafin ya gane abin da ake faɗa masa, mutanen gida sukan ce ai tsufa ne, su ɗaga murya, shi ke nan. Sannu a hankali sai ya daina zuwa majalisa, ya daina sa baki a shawarar iyali, domin ya gaji da roƙon a maimaita masa magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cikin rahotonta na 2021 cewa mutum miliyan 430 ne a duniya suke da raunin ji da ya kai a taimake su, kuma ana tsammanin adadin zai wuce miliyan 700 a shekarar 2050. Daga cikin waɗanda suka haura shekara 60, fiye da kashi 25 cikin ɗari suna cikin wannan hali.

Yadda ji yake lalacewa

Sauti yakan shiga kunne ya kaɗa dodon kunne, wasu ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa kaɗawar zuwa wata gaɓa mai siffar katantanwa da take can ciki, cike da ruwa. A cikin katantanwar akwai ƙwayoyin halitta masu gashi a ka, wajen 15,000 a kowane kunne, su ne suke juya motsin ruwan ya zama saƙon da jijiya take kai wa ƙwaƙwalwa. Da su ake haihuwar mutum, kuma wadda ta mutu ba ta da magajiya. Tsuntsaye kuwa, kamar yadda aka gano wajen 1988, nasu sukan sake tsirowa, abin da har yau masana suke neman sirrinsa.

Ƙwayoyin da suke kama siririn sauti su ne suke fara mutuwa. Saboda haka dattijo yana jin ana magana, amma ba ya rarrabe sara da shara da tsara da fara, balle a wurin biki ko cikin Kasuwar Litinin. Wannan ne ya sa ake zarginsa da cewa abin da ya ga dama yake ji, alhali kuwa ba laifinsa ba ne.

Sai dai ba shekaru kaɗai suke yin wannan ɓarna ba. A 1962 wani likitan kunne na Amurka, Samuel Rosen, ya ba da rahoton gwajin da ya yi wa ƙabilar Maban, a yankin da yake cikin Sudan ta Kudu a yau, mutanen da ba su san ƙarar inji ba. Ya tarar tsofaffinsu sun fi takwarorinsu na biranen Amurka ji nesa ba kusa ba. An yi ta muhawara a kan aikin, musamman da yake ƙiyasta shekarun mutanen aka yi, amma tambayar da ya tayar tana nan daram: cikin kurumtar tsoho, nawa ne rabon tsufa, nawa ne rabon abin da kunnen ya sha a tsawon rayuwa?

A Jihar Barno tambayar tana da nauyi ƙwarai. Yankin yana cikin ƙasashen da sanƙarau yake addaba lokacin zafi, kuma sanƙarau yakan bar kurumta. Annobar 1996 ta kama dubban mutane a arewacin Nijeriya. Zazzaɓin Lassa ma daga garin Lassa na kudancin Barno ya samo sunansa, inda aka fara gano shi a 1969, kuma wajen mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke sukan sami raunin ji. Akwai magungunan da suke ceton rai amma su taɓa kunne, irin su allurar jentamaisin, da sitireftomaisin da aka daɗe ana ba masu tarin fuka, da kwinin. Akwai hawan jini da ciwon sukari, masu raunana ƙananan hanyoyin jinin da suke ciyar da katantanwa. Ga injin niƙa da janareta da lasifikar biki. Ƙarar da ta kai desibel 85, in an jure ta awa 8 kullum, tana cin ji. A kan duka wannan aka ɗora ƙarar harbe-harbe da fashewar bama-bamai da mutanen Maiduguri suka sha tun daga 2009. Kunnen ɗan shekara 70 a Gwange ko Bulumkutu yana ɗauke da tarihin waɗannan abubuwa gaba ɗaya, kuma babu wani fannin ilmi guda da zai iya warware su shi kaɗai.

Hanyar shiga aikin

An kafa Jami'ar Maiduguri a 1975, aka buɗe Asibitin Koyarwa nata a 1983. Ɗalibin da ya bi ta ƙofar likitanci zai yi shekara 6 a Kwalejin Likitanci, da shekara guda ta koyon aiki a asibiti, da shekarar yi wa ƙasa hidima, sa'an nan ya shiga horon ƙwarewa a fannin kunne da hanci da maƙogwaro, ya zauna jarrabawar Kwalejin Horon Manyan Likitoci ta Ƙasa ko ta Likitocin Fiɗa na Afirka ta Yamma. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1999 tana cikin wuraren da ake ba da wannan horo. Amma ba lalle ne mai bincike ya zama likita ba. Wanda ya karanta ilmin ƙirar jiki, ko aikin gaɓoɓi, ko haɗa magunguna, ko ƙididdiga, ko injiniya, kai har da nazarin harshe, yana da wurin zama, in ya ɗora da digiri na biyu da na uku. Daga nan sai matakan jami'a: mataimakin malami, malami, babban malami, mataimakin farfesa, farfesa, kuma ba a hawa sai da koyarwa da sakamakon bincike da aka buga bayan masana sun tace shi.

A nan ne wahalar take. Jami'a sashe-sashe aka tsara ta, kuma sashen mutum ne yake auna aikinsa. Malamin da ya raba ƙafa tsakanin ɗakin gwaji da asibiti da unguwa yakan ji ana tambaya ko aikinsa na wane sashe ne, kuma aikin da mutum goma suka sa hannu yana iya kawo wa kowannensu maki kaɗan wajen ƙarin girma. Binciken tsufa kuma ba ya son gaggawa: sai an bi mutane ɗaya ana gwada su shekara da shekaru, alhali kuɗin bincike, ko na asusun TETFund ne ko na ƙasashen waje, na ɗan lokaci ne. Ambaliyar Satumba 2024, wadda ta shiga Asibitin Koyarwa ta lalata na'urori, ta nuna cewa ajiyar bayanai da samfur a wuri fiye da ɗaya wajibi ne.

Duk da haka akwai abin koyi a kusa. Dakta Mahmoud Bukar Maina, ɗan Jihar Yobe, wanda ya yi digirin farko a Jami'ar Maiduguri, ya yi na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila a kan cutar mantuwa, ya kafa cibiyar binciken kimiyyar lafiya a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu a 2021. Fanninsa ya haɗu da na kunne, domin kwamitin masana na mujallar Lancet ya sanya raunin ji cikin manyan abubuwan da ake iya magancewa daga masu jawo gigin tsufa, a 2020 da kuma 2024. Wani gwaji da aka yi a Amurka da mutum 977, aka buga a 2023, bai nuna bambanci ba a kan jimillar mutanen, amma a cikin waɗanda suka fi fuskantar haɗari, na'urar taimaka wa ji ta rage saurin raunin tunani da kusan rabi cikin shekara 3. Bai kamata a ɗauki wannan sakamako a ɗora wa tsohon Barno kai tsaye ba. Sai an gwada a nan.

Haka batun gado yake. Lahanin ƙwayar gado da ya fi jawo kurumtar haihuwa a Turai ba kasafai ake samunsa a yawancin al'ummun Afirka ba, kamar yadda aikin Farfesa Ambroise Wonkam, ɗan Kamaru, da abokansa ya nuna. Abin da littattafan Turai suka faɗa, ashe, bai isa ba.

Wani aikin da yake jiran masu yi shi ne na harshe. Gwajin fahimtar magana da jerin kalmomi ake yinsa, kuma ba adalci ba ne a gwada tsohuwar da Barbarci ko Hausa ko Larabcin Shuwa take ji da kalmomin Ingilishi. Hausa da Barbarci harsuna ne masu karin sauti, karin kuwa a kan kaurin murya yake tafiya, watau ɓangaren da tsufa yake jinkirin taɓawa. Auna yadda wannan yake taimakon mai raunin ji, da tsara jerin kalmomi da saita na'ura daidai da harshen mai ita, aiki ne da sai likita da masanin harshe da injiniya sun zauna tebur ɗaya.

Ma'aikatan kuwa kaɗan ne. Rahoton 2021 ya nuna cewa kashi 78 cikin ɗari na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da likitan kunne ko guda ga kowane mutum miliyan ɗaya. Ɗalibin da yake da sha'awa zai iya farawa tun yana aji uku ko huɗu, ta neman malami a sashen kunne na Asibitin Koyarwa da zai sa shi cikin aikinsa, da koyon ƙididdiga, da fita gwajin ji da akan shirya ranar 3 ga Maris ta kowace shekara, watau Ranar Ji ta Duniya.