Wa Ke Riƙe da Bariki In Maza Sun Tafi Daga?

Ga kacici-kacici, kuma kada a yi saurin ba ni gari. Hau Dutsen Dala, ka tsallake badala da ido ta wajen titin Katsina. Can ne barikin Bukavu, mazaunin Birged ta 3. A cikinsa, kamar sauran barikokin sojan Najeriya, akwai wani mai muƙami da bai taɓa taka Difo na Zariya ba. Ba igiya a hannun riga, ba anini a kafaɗa, ba ya sara wa kowa. Amma ran da aka kwashi bataliya zuwa Borno, kwanciyar hankalin sojan da ke cikin rami tana hannunsa. Wane ne?

Wanda za a fara zargi samanja ne. Ga sanda a hammata, ga muryar da ke sa kurtu ya manta sunan garinsu. Sai dai yana sanye da kaki, kuma yana ƙamewa gaban ƙaramin hafsan da a haife ya haife shi. A cire shi.

To liman? Limaman bariki su ma sojoji ne, da sashensu da muƙamansu. Ban da haka, matar da buhunta ya ƙare ran ashirin ga wata ba liman take faɗa wa ba. Wa take faɗa wa?

Matar kwamanda, za ka ce. Mun fara jin ƙanshi. Ita ke jagorantar ƙungiyar matan hafsoshi, NAOWA, mai makarantu a barikoki. Amma gidanta na unguwar manya, nesa da famfon da ake rigimar bokiti a kansa tun asuba. Ran da aka canja wa mijinta wurin aiki, ta naɗe kaya.

Ko mai kunun kasuwar Mami? Tarihi yana bayanta, domin Mammy Ochefu, matar wani soja, ita ta fara sayar da kunu a barikin Inugu a 1959, har sunanta ya bi kasuwannin barikoki duka. Mai kunu ta san wa ya ci bashi. Ba ta da ikon kiran taro.

Mace ce dai. Cikin layin ɗakunan ƙananan sojoji take kwana. Mijinta ne mai igiyar. Ka ba ni gari?

Magajiya ce.

Kada hankali ya tafi wancan gidan da ake tsegumi a kansa. Wannan shugabar matan ƙananan sojoji ce, galibi matar wani babban saje ko samanja. Ita ke duba sharar layi da kwatami. In maƙwabta biyu sun kacame kan igiyar shanya, a gabanta ake kashe wutar kafin hayaƙi ya kai ofis. Ta san wadda mijinta ya yi watanni a daji bai turo ko sisi ba, da wadda naƙuda ta kama tsakar dare ba namiji a ɗaki. Ta san amaryar da aka kawo daga ƙauye ba ta jin yaren kowa. Ranar suna tana gaba, ranar da mummunan labari ya iso daga Sambisa ita ke tara mata su zauna da mai takaba. Kuma ko a Legas ko Fatakwal, ko da ba ta jin Hausa, Magajiya ake kiranta. Me ya kawo haka?

Sawun yana komawa 1863, lokacin da John Glover ya haɗa 'yar rundunarsa ta Hausawa a Legas. Daga nan aka yi ta kafa wasu rundunonin har zuwa wadda Kanar Morland ya shigo da ita Kano a Fabrairun 1903, kuma Hausa ta daɗe tana harshen bariki. Turawa sun bar soja ya zauna da matarsa a layi, ba don tausayi ba: ita ke dafa masa abinci, kuma mai iyali ba ya saurin gudu. Da mata suka yi yawa, dole a sami wadda za a riƙa tambaya. Faransawa ma da matan sojoji suka dogara, kamar yadda Sarah Zimmerman ta nuna a littafinta na 2020 kan aure a rundunar Faransa ta Afirka ta Yamma.

Abin dariyar shi ne, sai da Amurka ta daina ɗaukar soja na tilas a 1973 sannan ta lura cewa soja yakan ajiye kaki in iyalinsa na shan wuya. A 1983 Janar John Wickham ya fitar da takarda ta musamman kan iyalin soja, aka buɗe ofisoshi, aka zuba kuɗi a bincike. A ganina, duk mai son auna rayuwar iyalan sojanmu, kafin ya raba takardar tambayoyi, ya nemi tabarma a ƙofar Magajiya.

Akwai dai ƙarar da ta fi ƙarfinta. Ɗakin bariki na mai bakin aiki ne. In soja ya rasu, komai daɗewa sai matarsa da 'ya'yansa sun tashi, wani lokacin tun kafin haƙƙoƙinsa su fito. A nan Magajiya ba ta da sa hannu a kowace takarda, iyakarta ta kai kuka gaban kwamanda ta roƙi a ƙara wa matar wa'adi.