Yadda haɗarin jirgin wani likita ya sauya horon agajin gaggawa a duniya

A watan Fabrairun 1976, wani ƙaramin jirgin sama ya faɗi a cikin wata gona a jihar Nebraska ta ƙasar Amurka. Matuƙin jirgin, Dokta James Styner, likitan ƙashi ne, kuma yana ɗauke da matarsa da 'ya'yansa huɗu. Matar ta rasu nan take, uku daga cikin yaran suka samu munanan raunuka, shi kansa bai tsira da lafiyarsa ba.

Likitan ya shafe sa'o'i yana kula da yaran cikin tsananin sanyi kafin ya tare wata mota da ta kai su wani ƙaramin asibitin karkara. Sun iske asibitin a rufe. Da aka buɗe, sai ya lura cewa ma'aikatan da suka zo ba su da horon karɓar mutanen da suka ji raunuka da yawa a lokaci guda. Daga baya ya bayyana cewa kulawar da ya bayar a fili da ɗan abin da ke hannunsa ta fi wadda suka samu a can. Bai ɗora laifin a kan ma'aikatan ba, ya ɗora shi a kan tsarin da ya tura su aiki ba tare da ya koya musu abin da za su fara yi ba.

Daga wannan masifa ne Styner da abokan aikinsa, ciki har da Dokta Paul Collicott, suka tsara wani kwas na horar da likitoci da aka sani da ATLS. An fara koyar da shi a Nebraska a 1978, Kwalejin Likitocin Tiyata ta Amurka ta rungume shi a 1980, kuma a yau ana koyar da shi a gomomin ƙasashe.

Kwas ɗin ya juya tsohon tsarin da aka saba da shi. A al'ada, likita yakan saurari tarihin rashin lafiya, ya duba jiki daga kai zuwa ƙafa, ya gano cutar, sannan ya fara magani. Wanda mota ta buge ba shi da wannan lokacin. Saboda haka aka koya wa likitoci su fara da abin da zai fi saurin kashe mutum, ko da ba su gama sanin duk abin da ke damunsa ba.

An jera matakan da haruffa biyar, daga A zuwa E. Na farko, a tabbatar hanyar iska a buɗe take, tare da kare ƙashin wuya, domin toshewarta na kashewa cikin 'yan mintuna. Na biyu, a duba ko huhu na aiki. Na uku, a duba zagayawar jini, a tsayar da zubarsa. Na huɗu, a auna yadda ƙwaƙwalwa ke amsawa. Na biyar, a yaye tufafi a duba jiki gaba da baya, sannan a lulluɓe shi kada sanyi ya kama shi. Karyayyar ƙafa da ta fi ɗaukar ido za ta iya jira, maƙogwaron da ya toshe ba zai jira ba.

Sai dai abin da ya faru da iyali guda yana iya nuna inda giɓi yake, amma ba ya iya tabbatar da wane magani ne ke ceton rai. Wannan aikin bincike ne, kuma binciken ya sha ƙaryata abin da likitoci suka daɗe suna yi da kyakkyawar niyya.

Shekaru da dama ana yi wa waɗanda suka bugu a kai allurar siteroid, bisa tunanin cewa tana rage kumburin ƙwaƙwalwa. Wani babban gwaji mai suna CRASH, wanda mujallar Lancet ta wallafa a 2004, ya bi diddigin majinyata 10,008. Cikin makonni biyu, kusan kashi 21 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa allurar sun rasu, yayin da kusan kashi 18 cikin ɗari suka rasu a cikin waɗanda ba a ba su maganin ba. An dakatar da gwajin kafin wa'adinsa, aka kuma bar wannan al'ada.

Gwaji na biyu, CRASH-2, wanda Makarantar Nazarin Tsafta da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan ta jagoranta, ya zo da labari mai daɗi a 2010. An gwada wani tsohon magani mai araha, tiranezamik asid, wanda ke hana daskararren jinin da ya toshe rauni narkewa da wuri. Majinyata 20,211 a asibitoci 274 na ƙasashe 40 suka shiga gwajin, ciki har da asibitocin Najeriya. Mace-mace sun sauko daga kashi 16 zuwa kashi 14.5 cikin ɗari. Nazarin da ya biyo baya ya nuna cewa amfanin maganin yana cikin sa'o'i uku na farko bayan rauni, kuma idan aka wuce haka yana iya cutarwa.

A 2017, gwajin WOMAN, wanda mata 20,060 a ƙasashe 21 suka shiga, har da Najeriya, ya nuna cewa maganin yana rage mutuwa daga zubar jini bayan haihuwa da kusan kashi ɗaya bisa uku idan aka bayar da shi cikin sa'o'i uku. A shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe su sanya shi cikin maganin irin wannan zubar jini.

Shi ma kwas ɗin na ATLS bai tsaya yadda aka faro shi ba. A bugunan da suka biyo baya, an rage ƙarin ruwan farko da ake yi wa babban mutum mai zubar jini daga lita biyu zuwa lita ɗaya, aka ƙarfafa gaggauta ƙarin jini, domin ruwa mai yawa yana tsinka jini ya hana shi daskarewa. Abin da likitocin soja suka gani a yaƙe-yaƙen Iraƙi da Afganistan kuma ya dawo da martabar ɗaure hannu ko ƙafa da ƙarfi don tsayar da jini mai feshi, tun kafin a kai ga sauran matakan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa haɗurran hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma su ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Yawancin waɗanda suka ji rauni ba babban asibiti suke fara isa ba, ƙaramin asibiti mafi kusa ake kai su, irin wanda ya karɓi iyalin Styner. Shi ya sa hukumar, tare da Kwamitin Ƙasa da Ƙasa na Red Cross, ta fitar da wani kwas na agajin gaggawa a 2018 domin ma'aikatan lafiya da ke aiki da ƙarancin kayan aiki.

A Najeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin bai wa mutum agajin gaggawa bisa kowane dalili, wata dokar ta 2017 kuma ta wajabta karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Dokokin sun buɗe ƙofar asibiti. Abin da ya rage shi ne wanda ke bayan ƙofar ya san matakin farko, maganin yana cikin kabad, majinyacin kuma ya iso kafin sa'o'i uku su cika.